Daga Nima zuwa Akrade: yadda Right to Dream ta ɗaure ƙwallo da aji

A yankin Gabashin Ghana, bakin kogin Volta, ƙasa kaɗan da madatsar ruwan Akosombo, akwai wani ƙauye da ake kira Old Akrade. Nan ne aka gina mazaunin Right to Dream, makarantar kwana mai azuzuwa da ɗakunan barci da filayen ƙwallo masu ciyawa kore shar. Yaran da ke cikinta ba sa biyan ko kwabo. Ci da sha, sutura, littafi, magani, takalmin ƙwallo, duk a wuyan makarantar suke. Akasarinsu 'ya'yan talakawa ne daga unguwannin Akra da Kumasi da Tamale da Takoradi, wasu kuma daga Kwaddibuwa da Burkina Faso da sauran maƙwabta.

Masu zuwa gidan kallo sun san sunan ne ta dalilin Mohammed Kudus da Kamaldeen Sulemana da Simon Adingra. To amma fitar da gwanaye ba abin mamaki ba ne a Afirka ta Yamma, kowane lungu yana da yaron da ƙwallo ke bin ƙafarsa. Abin da ya sa wurin ya cancanci a zauna a duba shi da kyau shi ne wannan: an daɗe ana jin masu horar da yara suna cewa karatu ne gaba da ƙwallo, maganar kuma ba ta wuce fatar baki. A Akrade an yi ƙoƙarin mayar da ita tsari, mai doka da kuɗi da mafita.

Abin da aka tarar a ƙasa

A ɗauki Nima. Zango ce a tsakiyar Akra, cunkushe da jama'a, Musulmi suka fi yawa, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da na layi har ga wanda ba Bahaushe ba. A nan aka haifi Kudus a shekarar 2000, mahaifiyarsa tana sana'ar sayar da tuwo. Ya fara taka leda a wata ƙaramar ƙungiyar unguwa mai suna Strong Tower. Irin waɗannan ƙungiyoyin yara, waɗanda a Ghana ake ce musu kolts, sun daɗe a ƙasar, kuma daga cikinsu manyan 'yan wasan Black Stars, tawagar ƙasar, da yawa suka fito. Filin jar ƙasa ne, ƙura na tashi, ragar wani lokaci duwatsu biyu ce kawai. Ƙwallo ɗaya ko biyu ga tarin yara. Kocin mutum ne mai wata sana'ar daban, da aljihunsa yake sayen ruwan leda, ya biya kuɗin mota ranar wasa.

A takarda, karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas a Ghana. Tsarin mulkin 1992 ya tanadi haka, a 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta a wannan matakin ta kuma fara ciyar da ɗalibai, a 2017 aka ƙara da babbar sakandare kyauta. Sai dai kyautar ba ta ɗinka yunifom, ba ta sayen littafin rubutu, ba ta kuma maye gurbin 'yan kuɗin da yaro zai samo in ya yi talla ko dako. Ga kuma wani abin da ba a cika lissafawa da shi ba. A aji yaron yana can baya cikin cunkoso, malami bai riƙe sunansa ba. A fili kowa ya san shi, har laƙabi an yi masa, manya suna tsayawa su kalle shi. Ba rana ɗaya yake barin makaranta ba. Yau latti, gobe fashi saboda wasa a wata unguwa, jibi an kore shi don babu takalmi, har jarrabawar BECE ta ƙarshen ƙaramar sakandare ta zo ta same shi babu abin rubutawa.

A nan dillalan bogi suke shigowa. Simon Adingra ya ba da labarin kansa ga manema labarai: yana ƙaramin yaro a Kwaddibuwa wani mutum ya karɓi kuɗin iyayensa da alkawarin zai kai shi makarantar ƙwallo, ya kwashe shi da wasu yara zuwa Jamhuriyar Benin, ya watsar da su. Sai da suka riƙa wanke kwanuka a gidajen abinci kafin su ci. Daga baya ne masu neman yara na Right to Dream suka gan shi. 'Yan Najeriya ba su manta da shi ba, shi ne ya ba da ƙwallaye biyun da aka ci Super Eagles a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, ranar 11 ga Fabrairu 2024. Adingra ya tsira. Mafi yawan yaran da irin wannan ta rutsa da su babu mai jin ɗuriyarsu, sun rasa ƙwallon, sun rasa ajin.

Asali

Tom Vernon Bature ne ɗan Ingila, ya zo Ghana a 1999 bai kai shekara 20 ba, ya shiga aikin horarwa a Akra. Ya fara da wasu 'yan yara ƙalilan da ya ɗauki nauyin kwanansu da cinsu da karatunsu. Daga baya ya zama mai nemo wa Manchester United 'yan wasa a Afirka, abin da yake samu da gudummawar masu taimako su suka riƙe makarantar a shekarun farko. A 2010 aka tare a ginin Akrade. A 2013 aka fara ɗaukar 'yan mata.

Shiga ba sauƙi. Kowace shekara masu neman yara suna zagaya garuruwa, suna shirya wasannin gwaji, su kalli yara dubun-dubata, akasari masu shekara 10 zuwa 12. Tankaɗe ake yi kamar na gari a rariya, daga unguwa zuwa gunduma zuwa yanki, har a tsaya kan waɗanda za a kira Akrade su zauna na ɗan lokaci. A wannan zangon na ƙarshe ba ƙafa kaɗai ake kallo ba. Ana shigar da yaro aji a gwada kansa, ba don a ga abin da ya riga ya sani ba, tunda wasu ko karatun jimla ba su iya ba, sai don a ga saurin ɗaukarsa. Ana lura da zamansa da 'yan uwansa a ɗakin kwana da wurin cin abinci. Waɗanda ake ɗauka a ƙarshe ba su wuce cikin aji ɗaya ba.

Wanda aka ɗauka kuwa an ɗauke shi ke nan. Wannan shi ne ginshiƙin farko, kuma a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci. A makarantun ƙwallon manyan kulob na Turai, ana sallamar yara duk ƙarshen kaka: wanda bai yi tsawo ba, wanda gwiwarsa ta samu matsala, wanda wani ya fi shi gudu. Right to Dream ta yi alkawarin ba za ta kori yaro don ƙwallonsa ya tsaya ba. Gurbin na shekaru ne, har ya kammala karatunsa. Wannan alkawari yana canza lissafin kowa. Uba da ke Tamale zai iya sakin ɗansa yana sane da cewa ko ƙwallo bai karɓe shi ba, ba za a dawo masa da shi hannu rabbana yana ɗan shekara 14 ba. Ita ma makarantar, tunda ta san yaron yana wuyanta ko ya zama tauraro ko bai zama ba, dole ta nema masa wata hanyar da za ta ɓulle. Da ana iya korarsa, da babu mai wahalar da kansa a kan lissafinsa da Turancinsa.

Makarantar tana bin manhajar Cambridge, ɗalibai suna zana jarrabawar IGCSE da ake karɓa a ƙasashe da yawa. Da Turanci ake koyarwa, don haka yaron da ya zo daga Abijan ko Wagadugu da Faransanci da harshen gida sai ya fara daga tushe, yana nuna abu da yatsa a wurin cin abinci kafin bakinsa ya buɗe. Ana auna ɗalibi ta fuska uku: ƙwallo, karatu, da hali, har darasi na musamman ake yi a kan na ukun, ana cusa musu cewa wanda aka ɗaga wajibinsa ne ya waiwayi inda ya fito. Malamin aji da koci kuma ƙarƙashin rufi ɗaya suke. A unguwa malami ba shi da abin da zai riƙe yaro da shi sai bulala, koci kuma bai san ko yaron ya je makaranta yau ba. A Akrade abin da yaron ya fi so a duniya, wato rigar wasa da tafiya gasa a Turai irin su Gothia Cup ta Suwidin da suka sha lashewa, yana hannun mutanen da suke ganin sakamakon jarrabawarsa.

Shekaru bakwai da FIFA ta tilasta

Akwai wata doka da in ba a fahimce ta ba, ba za a fahimci Akrade ba. Tun 2001, wani sashe (yanzu shi ne na 19) na dokokin FIFA kan sauya sheƙar 'yan wasa ya hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa kulob a wata ƙasa sai ya cika 18, ban da 'yan togaciya kaɗan da ba su cika shafar ɗan Afirka ba, kamar a ce iyayensa ne suka yi ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba. An yi dokar ne don a rage safarar yara. Ma'anarta ga mai makarantar ƙwallo ita ce, in ka ɗauki yaro yana 11, kana tare da shi shekara bakwai kafin wani kulob na Turai ya iya sa masa hannu a kwantiragi.

Saboda haka kada a ɗauka tausayi kaɗai ne ya gina azuzuwan. Shekarun nan bakwai dole a cika su da wani abu. Wurare da yawa a Afirka ta Yamma da ke kiran kansu akadami suna cika su da atisaye safe da yamma, a kawo wani malami ya yi 'yar awa ɗaya don a rufe bakin iyaye. Right to Dream ta zaɓi ta yi makarantar gaske, ta kuma gano wani abu da ya zama sirrin nasararta a ɓangaren karatu: FIFA ta rufe ƙofar ƙwallo sai 18, amma ba ta da iko da ƙofar makaranta. Yaro ɗan shekara 15 da ya samu gurbin karatu a makarantar kwana a Amurka ɗalibi ne, ba ɗan wasan da aka saya ba. Zai iya hawa jirgi shekara uku kafin abokinsa da ya fi shi iya ƙwallo.

Ku duba yadda wannan yake a idon ɗan aji ɗaya da ya zo daga zango. Ya zo da tunanin ƙafa ce kaɗai ke fitar da mutum. Sai ya ga wani babban yaya a ɗakinsu, wanda ma ba shi ne gwanin fili ba, yana haɗa akwati zai tafi Amurka saboda ya ci jarrabawar Turanci da lissafi, ya kuma iya zama gaban Turawa ya amsa tambayoyi. Babu wa'azin da zai yi wa yaron nan tasirin da wannan akwatin zai yi. Can ma a Amurka igiyar ba ta saki ba, domin hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ba ta barin ɗalibi ya buga wa jami'a wasa sai makinsa ya kai.

Waɗanda suka bi ta nan ba ɓoyayyu ba ne. Tun farko an fara da kwalejin Hartpury a Ingila, inda Abdul Majeed Waris ɗan Tamale da David Accam suka yi karatu suna buga ƙwallo. Waris ya wuce Suwidin, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar ƙasar a 2012 da ƙwallo 23, ya je gasar cin kofin duniya ta 2014 da Ghana. Daga baya hanyar Amurka ta fi faɗi. Emmanuel Boateng da Joshua Yaro sun yi makarantar Cate a Kalifoniya. Yaro ya wuce jami'ar Georgetown, a 2016 kuma shi ne na biyu da aka zaɓa cikin sababbin 'yan wasan gasar MLS ta Amurka. Abu Danladi, haifaffen Takoradi, ya yi makarantar Dunn da jami'ar UCLA, a 2017 ya zama na ɗaya a wannan zaɓen. Umar Farouk Osman daga Tamale ya yi Hotchkiss ya shiga jami'ar Michigan. Ousseni Bouda ɗan Burkina Faso ya yi Millbrook ya shiga Stanford, jami'ar da 'ya'yan attajiran Amurka kansu suke fafutukar samu. Huɗu daga cikinsu, Boateng a 2012, Danladi a 2014, Osman a 2017, Bouda a 2018, sun karɓi kyautar Gatorade ta gwarzon ɗan ƙwallon sakandare na Amurka baki ɗaya.

Gaskiya ne waɗannan sunaye ma ƙwallo ne ya sa aka san su, kuma makarantun Amurkan ba don Allah kaɗai suke ba da gurbin ba, suna son su ci kofi. Amma wanda ya fi nuna amfanin tsarin shi ne wanda jarida ba ta rubuta sunansa: ya buga wa jami'a shekara huɗu, babu kulob ɗin da ya neme shi, ya fito da digiri ya kama aiki. Akwai kuma irin King Osei Gyan, ɗaya daga cikin yaran farko, wanda ya je Fulham, ƙwallon bai kai shi inda aka zata ba, ya dawo ya zama ma'aikaci a makarantar da ta rene shi.

Wa ke biya?

Ciyar da yara da koyar da su shekara bakwai kyauta kuɗi ne mai yawa, kuma gudummawa ba ta da tabbas. Hanyar farko da aka bi ita ce ƙawance da Manchester City, wadda ta riƙa ba makarantar kuɗi tana samun fifiko wajen ɗaukar waɗanda suka kammala. Ruwa ba ya tsami banza. Yara da dama sun sa hannu da City, irin su Mohammed Abu da Godsway Donyoh da Thomas Agyepong da Yaw Yeboah, amma babu wanda ya kafu a babbar tawagar. Aro aka riƙa ba da su, wannan kaka a Norwe, ta gaba a Holan ko wani wurin. A 2018 jaridun Denmak da takardun asirin da aka fallasa da sunan Football Leaks suka tono yarjejeniyoyin da ke tsakani, wasu tsofaffin ɗalibai biyu, George Davies ɗan Saliyo da Dominic Oduro ɗan Ghana, suka ce sun kasance tare da City tun ba su cika 18 ba. A watan Agusta 2019 FIFA ta ci City tarar faran na Suwizalan 370,000 saboda saɓa dokar ɗaukar ƙananan yara. Wannan babi tabo ne a tarihin makarantar, kuma ya nuna iyakar abin da aji zai iya kare yaro daga gare shi da zarar ya shiga kasuwa.

Kafin nan Vernon ya riga ya sauya dabara. A Disambar 2015 shi da abokan jarinsa suka sayi kulob ɗin FC Nordsjælland da ke garin Farum a Denmak. An saba ganin kulob na Turai ya buɗe reshe a Afirka, wannan karon makarantar Afirka ce ta mallaki kulob a Turai, har filin wasan aka sauya wa suna zuwa Right to Dream Park. Yanzu yaro in ya cika 18 yana da inda zai sauka, cikin mutanen da suka san shi tun yana ƙarami, a ƙungiyar da aka gina don ta ba matasa wasa. In ya yi fice a sayar da shi, ribar ta zagayo.

Ta kuwa zagayo. Kudus ya je Nordsjælland a 2018, Ajax ta saye shi yuro miliyan 9 a 2020, ya ci wa Ghana ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a Katar a 2022, ya koma West Ham a 2023, sannan Tottenham a 2025. Kamaldeen Sulemana ɗan Techiman ya tafi Rennes ta Faransa a 2021 kan kuɗin da ya kafa tarihi a gasar Denmak a lokacin. A 2023 aka sayar da Ernest Nuamah yuro miliyan 25. A farkon 2021 iyalan attajirin Masar Mohamed Mansour suka zuba jarin yuro miliyan 100 suka karɓi ragamar kamfanin, aka buɗe wata makarantar a Masar, aka kuma kafa San Diego FC da ta fara buga gasar MLS a 2025.

Ma'ana dai, ƙafar yaro ɗaya ita ke biyan kuɗin littafin 'yan ajinsu duka, har da na ƙannen da ke biye. Wasu suna jin ƙyamar wannan, suna cewa fataucin yara ne aka sa masa yunifom. Ban tafi har can ba. Shirye-shiryen taimako nawa ne suka mutu ranar da mai ba da tallafi ya juya baya? Wannan ya shekara fiye da 25 yana tafiya saboda yana da abin da yake sayarwa. Abin tsoron shi ne, karatun yana rataye ne a kan kasuwar da ba ta san da shi ba. Ajax ba ta ƙara ko yuro ɗaya don Kudus ya iya rubuta wasiƙa ba. Muddin masu wurin sun yarda da ajin, ajin yana nan. Yanzu kuwa masu wurin manyan 'yan kasuwa ne da ke da kulob a nahiyoyi uku.

Waɗanda rariya ta zubar

Babbar tambaya ga duk mai son ya kwaikwayi wannan tsari don taimakon yara marasa galihu ita ce ta adadi. Dubun-dubata ake gwadawa, cikin aji ɗaya ake ɗauka. Sauran suna komawa filin jar ƙasa da makarantar da suka baro, wataƙila ma da ƙarin imanin cewa saura ƙiris, gara su ƙara ba ƙwallo lokaci. Talauci ba shi ne tikitin shiga Akrade ba. Tikitin baiwa ce irin wadda ake samu a yaro ɗaya cikin dubbai, talaucin ya zo ne a matsayin abokin tafiya. Yarinyar da ke talla a Nima ba ta iya ƙwallo ba, ko yaron da ke da kai amma ƙafarsa ta hagu da ta dama duk ɗaya, wannan ƙofa ba tasu ba ce.

Shi ma kocin unguwa yana da nasa kuka. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi, amma lissafin yana farawa ne daga shekara 12, kuma sai ƙungiyar da ke da rajista da takardu. Mutumin da ya tsinci yaro yana ɗan shekara 6, ya saya masa takalmin gwanjo, ya lallashi uwarsa ta bar shi ya zo atisaye, sau da yawa aikinsa ya ƙare daidai lokacin da agogon FIFA ya fara bugawa. Alhali shi ne yake tare da yara ɗari da ba za a taɓa ɗauka ba, kuma da za a ƙarfafe shi, shi ne zai iya cewa wanda bai je makaranta yau ba kada ya sa ƙafa a filina. Gwamnatin Ghana ta kafa ma'aikatar raya zangonni a 2017, an shimfiɗa filayen ciyawar roba a wasu unguwanni, abin a yaba. Fili dai ba ya duba rajistar aji.

Akwai waɗanda suka bi ta ɗaya hanyar. A unguwar Mathare ta Nairobi, ƙungiyar MYSA da aka kafa a 1987 ba ta tankaɗe kowa. Duk yaron da ya zo zai buga, ƙungiyoyi suna samun maki a teburin gasa in sun fita kwasar shara da yashe kwata, waɗanda suka yi fice a hidima kuma ana biya musu kuɗin makaranta, ga ɗakunan karatu a cikin unguwa. Tana taɓa yara dubbai a lokaci guda, amma abin da kowane yaro ke samu kaɗan ne, kuma kullum hannunta yana miƙe ga masu tallafi. Ba ta kai kowa Stanford. Akrade tana kaiwa, amma mutum nawa?

Sai batun raba yaro da gida. Ɗan shekara 11 da aka ɗauko daga gidan yawa a zango, inda yake zuwa makarantar allo da yamma, kakarsa tana ajiye masa ɗumame, aka kai shi ƙauyen da ba a jin harshensa, daga nan Kalifoniya ko Farum mai sanyin ƙanƙara, ya biya wani farashi da ba ya fitowa a lissafin yuro. Wasu suna dawowa hutu su tarar sun zama baƙi a tsakar gidansu, kowa kuma ya zuba musu ido, tun ba su fara ɗaukar albashi ba an riga an raba shi. Gasar ƙwallon Ghana ita ma ba ta cin moriyar waɗannan yara. Kudus bai taɓa buga wa Hearts of Oak ko Asante Kotoko ba, daga Akrade sai filin jirgi.

Inda za a fi gane ko karatun na gaske ne shi ne sashen 'yan mata, domin a nan lissafin kasuwa ba ya fita. Ciyar da yarinya da koyar da ita shekara bakwai daidai yake da na namiji, amma kuɗin da ake sayen 'yan wasa mata bai kama ƙafar na maza ba. Sai a Janairun 2025 aka fara sayen mace a kan dala miliyan 1, lokacin da Chelsea ta ɗauki Naomi Girma, a shekarar da Tottenham ta biya fam miliyan 55 a kan Kudus shi kaɗai. Princess Marfo ta bi sawun mazan, daga Akrade zuwa Nordsjælland, daga nan zuwa Bay FC ta Amurka a 2024. Yawancin 'yan uwanta mata kuwa ta ƙofar makarantun kwana da jami'o'in Amurka suke fita, inda wata doka ta 1972 ta tilasta wa jami'o'i su ba mata guraben wasanni kamar yadda suke ba maza. Shawo kan iyaye a Tamale ko Nima su saki 'ya mace ta tafi makarantar kwana don ƙwallo ya fi na namiji wuya nesa ba kusa ba, kuma abin da ke sa uba ya yarda ba kofi ba ne, takardar shaidar karatu ce. Sashen ya haura shekara 10 yanzu, kuɗin da ake samu daga sayar da mazan ne ke ɗauke da shi, kuma har yau ba a rufe shi ba.